Lissafin Kwalbar Baba

Mahaifina malamin lissafi ne. Shekara 31 ya yi yana riƙe da alli, kuma ko da ya yi ritaya bai daina ƙirge-ƙirge ba. In yana hawa bene yana ƙirga matakala, in ka makara zai gaya maka minti nawa ka ƙara. Da na riƙe wannan hali nasa a raina, da ban yi gangancin da zan ba ku labarinsa ba.

Da tari abin ya fara. Wata uku ana ba shi maganin tari, aka gwada tarin fuka ba a ga komai ba. Sai baya ya ɗauka, can ƙasa wajen ƙugu, har takalmi ya gagare shi sawa. Da aka ɗauki hoton ƙirji da na ƙashi, aka ɗebi tsoka aka auna, likita ya ja ni gefe ni kaɗai. Ya ce ciwon daji ne a huhun dama, kuma ya riga ya yaɗu zuwa ƙashin baya da na ƙugu. Mutumin da bai taɓa kai taba bakinsa ba.

A nan bakin ƙofa ni da ƙanwata muka yanke shawara cewa Baba ba zai ji ba. Umma ta goyi bayanmu. Muka ce masa sanyi ne ya kama huhu har ya taɓa ƙashi. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe."

An yi masa kemo, wato maganin yaƙar ciwon daji da ake sawa ta ƙarin ruwa, zagaye huɗu. Ya sha amai, ya zube, gashi ya kakkaɓe. Da aka sake hoto, ƙarin bai ragu ba, sai ma girma da ya ƙara. Ranar ce likitan ya faɗa mini maganar da har yau take mini yawo a kunne: "Mun yi iya ƙoƙarinmu. Babu sauran abin da za mu iya yi masa. Ku koma gida a ci gaba da addu'a." Ban riƙe shi a zuciya ba, mutum ne mai kirki, kuma na san abin da yake nufi shi ne babu maganin warkarwa. Amma maganar yadda ta fito ba gaskiya ba ce. Akwai sauran abin yi, mai yawa ma kuwa, mu ne dai ba mu sani ba, shi kuma bai nuna mana ƙofar ba.

Mako bakwai muka yi a gida bayan wannan sallama, kuma ba na fata ko maƙiyina ya ga irinsu. Baba mutum ne da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko a aji ɗalibansa sun ce da kallo yake tsawatarwa. Sai ga shi cikin dare yana nishi, yana cizon matashin kai don kada jikokinsa su ji. Kwanciya ta gagara, zama ya gagara, tsayuwa ba a magana. Farasitamol da tramadol muke ba shi, kamar ana yayyafa ruwa a dutse. In abin ya kai maƙura sai mu ɗauke shi zuwa sashen gaggawa a yi masa allura, ya samu awa uku ko huɗu, mu dawo gida, ciwo ya dawo tare da mu.

A zuwanmu na biyar muka tarar da wata matashiyar likita tana aikin dare. Ta duba fayil ɗin, ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ba a haɗa ku da masu kulawar sassauci ba?" Na ce ban ma taɓa jin sunan ba. Ta ce masu rage wa majinyaci raɗaɗi da wahalar ciwo ne, ta rubuta mini a takarda, da lambar waya. A daren na bincika a wayata, na ga duk inda aka ambaci wannan kulawa sai an ambaci masu ciwon ajali. Na ninke takardar na cusa a aljihu. Ni zan kai ubana inda ake jiran mutuwa? Kwana tara takardar ta yi a aljihuna, Baba yana cizon matashi. Ƙanwata ce ta tsince ta, ba ta ma yi shawara da ni ba, ta buga waya.

Ɗan ƙaramin ofishi ne a ƙarshen baranda, likita ɗaya, nas biyu, da wata jami'ar jin daɗin jama'a. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yadda babbar nas ɗin, wadda kowa ke kira Sista, ta jawo kujera ta zauna daidai fuskar Baba, ta ba ni baya. Wata da watanni duk wanda zai yi maganar ciwon nan da ni yake yi, ta saman kan Baba, kamar shi kaya ne na kawo gyara. Ita kuwa shi ta tambaya. Ina ne yake ciwo? Suka yake yi, ko zugi, ko ƙuna kamar wuta? Yana sauka ƙafa? Me ke tayar da shi? Sannan ta ce, daga sifili zuwa 10, maki nawa zai ba ciwon.

Baba ya yi shiru yana lissafi. Ya ce, "In 10 ce iyaka, rubuta 9. Na bar ɗaya, don ban san gobe ba."

Ta yi murmushi ta rubuta. Sai ta ce, "Baba, me kuka fahimta game da ciwon nan naku?"

Na shiga yi mata alama da ido, ina girgiza kai. Ko kallona ba ta yi ba.

Baba ya ce, "'Yata, na iya karatu. Sunan sashen da ake yi mini ƙarin ruwa a rubuce yake a saman ƙofa, sau huɗu ina wucewa ta ƙarƙashin allon. Yaran nan ne ba sa son in sani, shi ya sa ban sani ba."

Umma ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe duk tsawon lokacin nan muna ɓoye masa, shi ma yana ɓoye mana, kowa yana ɗauke da kayansa shi kaɗai a gida ɗaya. Daga baya Sista ta gaya mini cewa ba ta taɓa cusa wa majinyaci labarin da bai nema ba. Tambaya take yi, ta bar shi ya nuna iya inda yake son a kai. Wani yana son ya ji komai, wani kuma ya ce a gaya wa ɗansa kawai, kuma duka biyun haƙƙinsu ne.

Da likitan ya ambaci mofin, maganin nan mai ƙarfi na kashe raɗaɗi, sai na bi shi waje. Na ce, "Likita, wannan ba shi ne ake ba mutum in an fid da rai ba? Ba shi ne ke kama mutum ya kasa bari ba?" Ya tsaya ya yi mini bayani ba tare da gaggawa ba. Ya ce tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin raɗaɗin ciwon daji mai hawa uku kamar tsani. Hawan farko irin su farasitamol, na biyu irin su kodin da tramadol, na uku mofin da danginsa. Baba ya daɗe da wuce hawa biyu na farko. Ƙa'idar kuma ita ce a sha ta baki in zai yiwu, a sha bisa agogo, ba sai ciwo ya taso ba. Ya ce in an fara da kaɗan ana ƙarawa daidai da ciwon, maganin ba ya gajarta kwana, kuma mai shan sa don raɗaɗi irin wannan a ƙarƙashin kulawa da wuya ya zama ɗan ƙwaya. Har ya ba ni labarin wani bincike da aka buga a 2010, wanda aka yi a birnin Boston na Amurka kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya yaɗu, irin na Baba. Waɗanda aka haɗa da masu kulawar sassauci tun da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, baƙin ciki ya fi yi musu sauƙi, kuma matsakaicin abin da suka rayu wata 11.6 ne, sauran kuwa wata 8.9. Na gyaɗa kai. Kunne ya ji, amma zuciya ba ta karɓa ba.

Aka ba mu kwalba mai mililita 300 ta ruwan mofin, da sirinjin awo, da maganin sassauta bayan gida, domin mofin yana ƙulle ciki kuma wannan illar ba ta wucewa da kanta. Awon da aka yanka wa Baba mililita 5 ne duk bayan awa huɗu, dare da rana, sau shida ke nan. Na ce ni zan riƙe kwalbar.

Kwana ukun farko na ba shi yadda aka ce. Ciwo ya lafa, amma Baba ya koma barci, yana cikin magana sai kai ya langaɓe, ga tashin zuciya. Sista ta riga ta gargaɗe mu cewa haka zai faru kuma zai wuce cikin 'yan kwanaki, ta ce mutumin da ya yi mako bakwai bai runtsa ba dole ya rama. Amma ganinsa a haka ya tsorata ni. Sai wani ɗan'uwa da ya zo dubiya ya raɗa mini a ƙofa cewa wannan maganin in aka fara shi, to an gama. Daga ranar na shiga zuba rabin awo ina cikawa da ruwa, na ƙarfe biyun dare kuma na daina bayarwa gaba ɗaya. Ban gaya wa kowa ba. A raina ceton ransa nake yi. Ciwo ya dawo, nishin dare ya dawo, ni kuma ina ce wa Umma wataƙila maganin ne bai karɓe shi ba.

Ranar kwana na 12 da safe Baba ya ce in miƙo masa kwalbar. Ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi magana da muryar da yake yi wa ɗalibi a gaban allo.

"Kwalba 300. Kullum 30. Kwana nawa za ta yi?"

Na ce, "Goma, Baba."

"Yau kwana nawa?"

"Sha biyu."

"Ga sulusinta nan a ciki. Ko dai kwalbar nan haihuwa take yi, ko kuma akwai wanda ya fi likita sani a gidan nan."

Na durƙusa a gaban gadon na ce, "Baba, ku yafe mini. Tsoro nake kada ya kashe ku."

Ya ce, "Abin da zai kashe ni yana nan cikin ƙirjina, kai ma ka sani, ni ma na sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ciwon a jikina yake, ba a naka ba. Tashi ka kira yarinyar nan ka gaya mata da bakinka."

Na kira Sista ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce ba ni ne na farko ba, kusan kowane gida akwai mai irin tsorona, har cikin ma'aikatan lafiya. Da ta zo gida washegari ta zaunar da ni ta ce ruwan mofin awa huɗu yake aiki a jiki, in aka bari ya ƙare ciwo ya miƙe tsaye, sai an sha wahala da ƙarin magani kafin a kwantar da shi, majinyacin kuma ya koma zaman fargabar dawowarsa, fargabar ma ciwo ce. Ta ce wata 'yar Ingila, Cicely Saunders, ita ta kafa wannan hujja a aikace. Nas ce da farko, ta koma jami'ar jin daɗin marasa lafiya, sannan ta karanta likitanci don a saurare ta, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, wanda daga shi irin wannan kulawa ta zamani ta yaɗu a duniya. Abin da ta nace a kai shi ne a ba da magani kafin ciwo ya dawo, kada a sa maras lafiya ya roƙa. Wato daidai abin da na yi kwana tara ina rushewa.

Ranar Baba ya sa aka sayo masa littafin rubutu. Ya ja layuka da rula: lokaci, awo, makin ciwo, ƙarin awo in ciwo ya ɓullo tsakani, da bayan gida. Duk wanda ya ba da magani sai ya rubuta ya sa hannu, shi kuma ƙarshen mako ya bi da jan biro yana yin maki. Sista ta ce ba ta taɓa samun majinyacin da ya sauƙaƙa mata aiki haka ba, domin da yawan ƙarin awon da aka sha a yini ake gane nawa za a ɗaga na kullum. Sau uku aka ɗaga. Aka kuma tura shi a gasa wurin ciwon da hasken na'ura, zama ɗaya tak a kan ƙashin ƙugu, ba don a warkar ba, don raɗaɗi ya ragu. Cikin mako biyu maki ya sauko daga 9 zuwa 3, wasu ranakun 2. Magagin ya washe kamar yadda aka ce. Baba ya fito tsakar gida da sanda, ya koma salla a zaune cikin natsuwa, ya zaunar da 'yata yana koya mata kasafi da murafun kwalba. Wata biyar ya ƙara a duniya, kuma huɗu daga ciki da hankalinsa da barkwancinsa.

A waɗannan watanni na zama mai karance-karancen dare, kuma abin da na karanta ya ƙona mini rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara mutum miliyan 56.8 ne ke bukatar wannan kulawa, amma kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu. Ba masu ciwon daji kaɗai ba, har masu ciwon zuciya, da na ƙoda, da na huhu, da masu cutar mantuwa, da ƙananan yara. A 2014 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙudurin cewa ƙasashe su shigar da ita cikin tsarin lafiyarsu. Mofin kuwa tsohon magani ne mai araha, yana cikin jerin magungunan dole na hukumar, amma tsoron kada ya faɗa hannun 'yan shaye-shaye ya sa ƙasashe da yawa sun ƙulle shi da dokoki har mai bukata ba ya kaiwa gare shi, likitoci da yawa kuma ba a koya musu amfani da shi ba. Na karanta yadda Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993, tana haɗa garin mofin da ruwa a kwalba ana kai wa mutane har gida, har ƙasar ta yarda a 2004 nas-nas da aka horar su riƙa rubuta shi. Sai na kalli kwalbar da ke kan teburin Baba. Abin da miliyoyi ke mutuwa ba su samu ba, ni an kawo mini har hannu ina tsarma shi da ruwa.

Akwai wani mako da makin dare ya riƙa hawa zuwa 6 alhali na rana yana 2. Na ɗauka za a ƙara magani. Jami'ar jin daɗin ce ta zo, ta ce mu ba su wuri. Tambaya ɗaya ta yi masa, wai ban da ciwo me ke hana shi barci. Abu biyu ne ashe. Na farko takardu: bashin da ake bin sa, wanda yake bi, da abin da Umma za ta dogara da shi. Wannan mai sauƙi ne, yini biyu muka yi yana faɗa ina rubutawa. Na biyu Baffa ne, ƙaninsa, wanda suka yi shekara tara ba sa ga-maciji a kan wani saɓani da mu yara ba mu ma san tushensa ba. Sista ta ce Saunders ta kira irin wannan da ciwon gaba ɗaya, wato na jiki da na zuciya da na zamantakewa da na ruhi duk a cuɗe, kuma na jiki kawai kwalba take iyawa.

Na je na ɗauko Baffa. Kada ku zaci an rungume juna ana kuka. Ya shigo ya ce, "Yaya, ya jiki?" Baba ya ce, "Da sauƙi." Suka yi minti 20 suna maganar zafin gari da wani malaminsu na firamare da ya rasu tuntuni. Da zai tafi ya gyara wa Baba matashi, shi ke nan. Ba su taɓa tayar da tsohuwar maganar ba har ƙarshe, amma ya ci gaba da zuwa duk bayan kwana biyu, kuma a littafi makin dare ya koma 3.

Wadda muka manta da ita a duk wannan hidima ita ce Umma. Ita ke juya shi duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta yi masa gyambo, ita ke wanki, ita ke tashi in ya yi tari. Wata rana Sista ta gama duba Baba, ta juya ta ce, "Umma, ku fa, yaushe rabonku da barcin awa biyar a jere?" Umma ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, sai hawaye. A nan na fara jin cewa a wajensu iyali ma majinyata ne. Suka ba da shawarar a kai Baba gidan jinyarsu na kwana biyar don Umma ta huta. Ni ne dai na sake tirjewa, sai likitan ya bambance mini. Kulawar sassauci ana iya fara ta tun ranar da aka gano ciwo, tana tafiya tare da kemo ko tiyata. Irin wannan gida kuwa, da ake kira hosfis, na waɗanda aka daina neman warkar da su ne kuma ake ganin watanni suka rage, a Amurka ma wata shida suke ɗauka ma'auni. Wasu a can suke cikawa, wasu kuma zuwa suke a daidaita musu magani ko masu jinya su numfasa, su koma gida. Baba ya ce zai je, bisa sharaɗin a dawo da shi. Wuri ne shiru, babu na'urori masu ƙara, babu lokacin ziyara, jikoki suna shiga suna fita. Umma ta yi barcin yini biyu, a na uku ta ce ita fa a dawo mata da mijinta.

Kafin ya baro can aka yi zaman da ya fi kowanne nauyi. Likita ya tambaye shi, in numfashi ya yi tsanani ko zuciya ta tsaya, yana son a garzaya da shi asibiti a sa masa na'ura? Ya yi masa bayanin abin da hakan ke iya yi da wanda ba ya iyawa ga mai ciwo irin nasa. Baba ya ce, "A'a. A ɗakina, a kan gadona, da mutanena." Ya juyo ya dube ni musamman ya ce, "Ka ji ko?" Na ce na ji.

Wata na biyar abinci ya zama fagen yaƙi. Umma ta dafa wannan ta dafa wancan, Baba ya yi cokali biyu ya kau da kai, ita kuma ta ga kamar ƙin ta yake yi. Har faɗa suka yi, mutanen da ban taɓa jin sun sa-in-sa ba. Sista ce ta raba gardamar. Ta ce, "Umma, ba rashin ci ne ke rage shi ba, ciwon ne ya hana jikin karɓa. Ko an tura ba zai zama tsoka ba, sai dai ya shaƙe shi ya tafi huhu." Ta koya mata ta riƙa miƙa kaɗan, in ya ƙi a bari, a jiƙa masa leɓe, a goge masa baki da auduga mai laima. Da numfashi ya fara sarƙewa, ta nuna mana mu jingina shi zaune, mu kunna ƙaramar fanka tana bugun fuskarsa, ga shi mofin ɗin ma yana rage jin shaƙewa. Abu ƙarami kamar fanka, amma na ga kafaɗunsa suna sauka.

Saura mako guda ya rasu, Sista ta tara mu a falo ta gaya mana abin da za mu gani, dalla-dalla, don kada ya zo mana ba-zata. Barci zai yawaita. Zai daina sha. Ƙafafu da hannuwa za su yi sanyi su canza launi. Numfashi zai riƙa tsayawa na 'yan daƙiƙu ya dawo, kuma za a ji gurgura a maƙogwaro saboda majinar da ba ya iya haɗiyewa, ta ce wannan ya fi damun mai saurare fiye da mai yi. Ta ce mu ci gaba da yi masa magana, domin ana kyautata zaton ji yana daɗewa bai ɗauke ba. Da haɗiya ta gagara, aka sa masa 'yar siririyar allura a ƙarƙashin fata ana ba da maganin ta nan.

Duk da wannan shiri, a daren ƙarshe da na ga numfashin ya tsaya ya daɗe, sai na zabura na ɗauki makullin mota. Umma ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Malam ya riga ya faɗa. Zauna." Na zauna. Baffa yana gefen kai yana karanta masa addu'a a kunne, ƙanwata tana riƙe da ƙafafunsa, fanka tana juyawa. Gab da asuba ya ja numfashi ɗaya, muka jira na gaba, bai zo ba. Fuskarsa a sake take, babu yamutsewar nan da na sani ta makonni bakwai. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan mako biyu Sista ta kira ni don jin yadda muke, ta ce haka suke yi wa kowane gida. Na yi mata tambayar da ke cina tun ranar, na ce allurar ƙarfe biyun dare ni na tura ta, ko ita ce? Ta ce duk wanda ake ba magani bayan awa huɗu, dole wani awo ya zama na ƙarshe, kuma dole wani hannu ne ya ba da shi. Awon da ya yi kwanaki yana karɓa lafiya ba shi ne ya tsayar da numfashinsa ba, ciwon ne ya kai inda za shi. Ta ce in tunanin ya ci gaba da damuna in zo mu zauna. Na je sau biyu.

A zuwan farko na tafi da ragowar maganin, domin mayar da shi ake yi, ba a ajiyewa a gida. Na haɗa da littafin. Rubutun Baba ne a shafukan farko, tsaf kamar na allo, sannan ya fara karkacewa, daga nan sai nawa da na ƙanwata. Jan bironsa na ƙarshe yana kan wani shafi saura kwana 19 ya rasu. Sista ta buɗe shafin ƙarshe, ta haɗa abin da aka ba mu da abin da aka sha, ta rubuta 85 a gefe. Sannan ta juye kwalbar ƙarshe a kofin awo, ta ɗaga shi wajen taga, muka duba tare. Ruwan yana kan layin 85.